Jinin da ya yi kama da ruwan gasara: nazarin lamarin wata mai juna biyu a Garwa

Safiyar wata Talata ce a cikin Maris, irin lokacin nan da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke kai mutum bango tun kafin hantsi. Ina cikin cike katunan awo sai yaron da ke aiki a ɗakin gwaji ya leƙo riƙe da 'yar kwalbar jini. Bai yi magana ba, ɗaga ta kawai ya yi saitin taga. Wanda ya saba da aikin ya san idan aka juya jini a inji ya kwanta, ruwan da ke tasowa sama garau yake, rawaya-rawaya kamar tataccen man gyaɗa. Na cikin kwalbar nan kuwa fari ne dusu-dusu, sak ruwan gasara kafin ya kwanta.

"Madam," in ji shi, "wannan matar taku, kindirmo kuka ƙara mata ne a maimakon ruwa?"

Ba don kitse muka aika jinin ba, aikin ƙoda muke so a duba. Ba don idon yaron nan ba, da babu wanda zai yi tunanin auna maiƙon jininta, domin ba ya cikin gwaje-gwajen da aka saba yi wa mai juna biyu a awo. Na ga ya kamata in rubuta abin da ya faru, tun ba ma da yake ina da nawa kason laifin a ciki ba.

Matar da gidanta

Ba zan faɗi sunanta ba. Bahaushiya ce mai shekara 36, haifaffiyar Garwa, kakanninta fatake ne da suka zo daga ƙasar Kano suka yi zamansu a bakin Binuwai. Ciki na shida ne, 'ya'ya biyar duk suna raye. Na biyar ɗin ya zo da kilo 4.2, ta ce sai da ungozoma ta yi da gaske kafin kafaɗarsa ta fito. A gida kuwa murna aka yi ta yi, ana cewa yaro ya zo da jikinsa. Mahaifiyarta na da ciwon sukari. Tsawonta mita 1.60, nauyinta a awon farko kilo 88. Maigidanta direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare ya kai Kusiri, wani zubin ya tsallaka gada zuwa Njamena, don haka rabin wata ba ya gida. Mai faɗa a ji a gidan, har da abin da zai shiga tukunya, ita ce mahaifiyarsa, Hajiya.

Shekaru, ƙiba, ƙaton jariri a baya, ga uwa mai ciwon sukari: ba sai an yi dogon tunani ba. A sati na 27 muka yi mata gwajin shan gulukos, wato irin sukarin da ke yawo a jini. Ta kwana ba ci, aka ɗebi jini, ta shanye giram 75 a kofin ruwa tana yatsine fuska, aka sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A Kamaru da giram a lita ake rubuta sakamako. Nata ya fito 0.98, sai 1.92, sai 1.61. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013 ita ce 0.92, da 1.80, da 1.53, kuma ko ɗaya ce ta kai ya wadatar a ce mace na da ciwon sukari na masu juna biyu. Ita duka ukun ta haura. Waɗannan lambobi sun samo asali ne daga wani babban bincike da aka wallafa a 2008, wanda ya bi mata fiye da 23,000 a ƙasashe 9, ya kuma nuna cewa girman jariri na tafiya kafaɗa da kafaɗa da sukarin uwa, ko da sukarin bai kai na cikakken ciwo ba.

A ranar mata sun cika benci har waje. Abin da na faɗa mata bai wuce jimla uku ba: ki daina shan sukari, ki rage tuwo, ki riƙa motsa jiki. Na ara mata na'urar auna sukari, amma da yake tsinken gwajin na da tsada, sai na ce ta riƙa aunawa da asuba kawai kafin ta karya. Nan ne na yi kuskure, har kashi biyu.

Sati huɗu tana kawo mini takarda mai kyau: 0.88, 0.91, 0.94, duk ƙasa da 0.95 da ake so. Ina yaba mata, tana jin daɗi. Sai dai sikeli bai yarda da takardar ba, domin kilo 4 ta ƙara cikin satuttukan nan. Tef ɗin awon ciki ma ya wuce lissafin watanni. Hoton ciki, wanda a nan ake ce wa eko, ya nuna a sati na 31 cewa cikin jaririn ya fi ƙarfin kwanakinsa, ruwan mahaifa kuma ya ɗan yi yawa. A wannan makon ne kwalbar ta zo.

Abin da ke sa jinin mai ciki maiƙo

Kada wani ya ji an ce kitse ya hau a jinin mai ciki ya tsorata. Kowace mai ciki nata yana hawa, haka Allah ya tsara. A watannin farko jiki tari yake yi, yana ajiye kitse a ƙugu da cinya kamar mai cika rumbu da kaka. Daga tsakiyar ciki sai lamarin ya juya. Mabiyiya na fitar da sinadaran da ke sa jikin uwa ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, don gulukos ya daɗe a jini ya isa ga jariri, ita kuma uwar ta koma ƙona kitsen da ta tara. A lokaci guda sinadarin estrojen na tunzura hanta ta ƙara zubo kitse cikin jini, yayin da sinadarin da ke kwashe kitsen daga jini zuwa ma'ajiya ya yi sanyi. Shi ya sa a watanni ukun ƙarshe nau'in maiƙon da ake kira tirigiliserid ke ninkawa sau biyu zuwa uku, ɗaya nau'in kuma, kolestarol, ya ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. Jariri na buƙatar wannan don gina ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, mabiyiya na sarrafa sinadaranta da kolestarol, kuma daga nan ne maiƙon nonon uwa zai fito.

Mai ciwon sukari na ciki kuwa, abin nan da aka tsara da ma'auni shi ne ke wuce gona da iri. Insulin ɗinta bai isa ya riƙe linzami ba, don haka kitse ke ta ɓarkowa daga ma'ajiya zuwa hanta, hanta ta dunƙula shi ta mayar cikin jini, mai kwashewa kuma yana barci, domin shi ma da insulin yake aiki. An daɗe da lura cewa irin waɗannan mata sun fi sauran masu ciki yawan tirigiliserid, kuma kolestarol ɗinsu mai kyau, wanda takardar gwaji ke rubutawa HDL, yakan yi ƙasa. Tirigiliserid ba ya ratsa mabiyiya yadda yake, amma mabiyiya na da abin da take farfasa shi da shi, gutsattsarin su shige wa jariri ya tara su a jikinsa. Wannan ne ya sa akan ga mace sukarinta ya daidaita amma jaririn na ta ƙiba: ba gulukos kaɗai yake ci ba.

Muka ce ta kwana awa 12 ba ci a sake ɗibar jini, domin na farkon bayan karin kumallo aka ɗauka. Tirigiliserid ya fito 5.8 giram a lita. Ga wanda ba shi da ciki, ƙasa da 1.5 ake so. Ga mai tsohon ciki, 2 zuwa 3 ba abin mamaki ba ne. Kolestarol gaba ɗaya 2.9, HDL 0.34. Gurbin LDL, wato kolestarol marar kyau, fayau aka bar shi, kuma daidai yaron ya yi: a ƙananan ɗakunan gwaji lissafa shi ake yi da wata ƙa'ida, ita kuwa ƙa'idar ba ta aiki idan tirigiliserid ya haura 4. Na sha ganin takardun da aka cike wannan gurbi da lambar da ba ta da tushe.

Likitan mata da muke tura wa irin waɗannan lamura ya sa aka duba sauran abubuwan da kan hau da maiƙon jini. Gwajin tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, lafiya, ƙoda lafiya, babu furotin a fitsari, awon jini 125 bisa 80. Ba ta shan wani magani sai na ƙarin jini. Babu wanda ta sani a danginta da aka taɓa ce wa yana da kitsen jini, ko da yake babu wanda aka taɓa aunawa. Abin da ya fi damun likitan shi ne saura sati takwas ko tara, kuma lambar hawa za ta ci gaba da yi. Idan ta doshi 10, akwai haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke fitar da insulin, ciwon da kan iya tafiya da uwa da ɗa. Yawan tirigiliserid kuma na da alaƙa da hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga.

Tukunyar Hajiya

Na tambayi matar me take ci, ta ce, "Wallahi Madam, tun ranar da kika ce, ko ƙwayar sukari ban sa a baki ba." Gaskiya ta faɗa. Sai na ce ta zo mini da wadda ke yi mata girki.

Washegari sai ga Hajiya da carbi a hannu da lulluɓi har ƙasa. Muka gaisa, na durƙusa mata kamar yadda ya kamata, sannan na ce, "Hajiya, don Allah ki faɗa mini abin da ta ci jiya, tun daga asuba."

Ta gyara zama. Da safe kunun gyaɗa da zuma, da ƙosai. Da hantsi fura da kindirmo, ita ma da zuma. Da rana shinkafa, an kwarara man shanu. Da la'asar shayi, ba sukari, amma da madarar gwangwani mai kauri, cokali uku. Da dare tuwo ɗan kaɗan kamar yadda likita ta ce, amma da yake kaɗan ne sai aka ninka man shanu da nama don kada yarinya ta rame. Tsakanin wannan da wancan, dabino.

"Zumar nan fa, Hajiya?"

"'Yata, ta gaske ce. Ɗana da kansa yake sayowa a hanyar Ngaundal, galan guda. Kin ce sukari, muka bar sukari. Zuma ai waraka ce. Mace da juna biyu a bar ta da salam?"

Ban ga abin da zan ce ba na ɗan lokaci. Tsohuwar nan ba taurin kai ta yi ba, umarnina ta bi daidai da yadda na faɗa, sannan ta cike giɓin da abin da ta san ya fi tsada da daraja. A kunnenta sukari shi ne farin garin nan ko ƙwayar da ake saya a shago. Ni ce ban yi bayani ba. Zuma mafi yawanta sukari ce, kuma nau'in da ya fi kowanne yawa a ciki shi ne furuktos, wanda hanta ke karɓa kai tsaye ta mayar da rararsa kitse. Madarar gwangwani mai zaƙi kusan rabinta sukari ne. Ga farar shinkafa, ga man shanu a kai. Ita kuma na'urar da na ara mata da asuba kawai take gani, bayan dare ya kwashe komai. Kamar wanda ke leƙa kasuwa da asuba ne ya ce garin ba hayaniya.

Ban musa wa Hajiya cewa zuma waraka ce ba, ba ni da hurumin hakan. Ce mata na yi magani ma da awo ake sha, kuma jikin surukarta a watannin nan ba ya iya ɗaukar ko da abin kirki idan ya yi yawa. Sannan na sa aka kawo kwalbar jinin, na ajiye ta gefen ta wata mata. Ta ɗauki lokaci tana kallo, ta juya ta, ta ce, "Wannan a jikinta yake yawo?" Na ce eh, kuma jikanki daga nan yake ci. Daga ranar ban sake samun gardama da ita a kan abinci ba. A kan allura dai mun yi.

Abin da aka yi

Aka fara da gyara awo: da asuba, da kuma awa biyu bayan kowane babban abinci. Maigidan ya turo kuɗin tsinke ta waya. Kwana biyar na farko lambobin bayan abinci sun tsaya tsakanin 1.45 da 1.70, alhali ƙasa da 1.20 ake so, duk da an riga an janye zuma. Likita ya ce a fara insulin. Hajiya ta ce ita ta san allurar nan, in aka fara ba a dainawa, kuma za ta taɓa yaro. Sai da aka kira ɗanta yana Marwa, na yi masa bayani: "Alhaji, insulin ba ya ratsawa zuwa jariri yadda zai cutar da shi, kuma mafi yawan mata suna ajiye shi da zarar sun sauka." Ya ce a ba Hajiya wayar. Ban san me ya faɗa mata ba, amma ta sauko.

Insulin ɗin aiki biyu ya yi mana, domin baya ga sauke sukari, shi ne ke tada sinadarin nan mai kwashe kitse daga jini. Matsalar ita ce ajiya. Zafin Garwa a Afrilu na haura digiri 40, gidan ba firji, wuta kuma ba ta da tabbas. Hajiya ce ta samo dabara: ta sa kwalbar cikin wani ɗan gwangwani mai murfi, ta binne shi a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Maganin sauke kitse kuwa ba a ba ta ba. Dangin statin, waɗanda aka fi sani, aikinsu ya fi ƙarfi a kan kolestarol, ba a kan abin da ke damunta ba, kuma ba a saba ba mai ciki su ba. Ko a Amurka, inda hukumar kula da magunguna ta sassauta haramcin a 2021, shawarar ita ce yawancin mata su dakata da su har su haihu. Akwai wani dangin, fibret, wanda likita ya ce zai duba idan lambar ta doshi 10. Man kifi na omega-3 na asibiti ya fi ƙarfin aljihun gidan, sai muka ce ta riƙa cin gasasshen kifin teku na ƙanƙara sau biyu ko uku a mako. Ban ruɗi kaina ba, abin da ke cikin kifi bai kai na magani ba, amma ya maye gurbin soyayyen nama.

Sauran duk a madafa aka yi shi. Aka ware mata 'yar tukunyarta, mai da cokali ake aunawa. Tuwon dawa ya maye gurbin farar shinkafa, malmala ɗaya ƙarama, miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa mai yawa. Wake, zogale, rama, dafaffen ƙwai. Fura kaɗan da tsala a maimakon kindirmo. Na ja kunnensu kada a bar ta da yunwa, domin yunwa ga mai ciki mai irin wannan ciwo wata fitinar ce; abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Ba ta fita, don haka motsa jikin a tsakar gida ne, zagaye na minti 15 bayan kowane abinci, yara na bin ta suna dariya. Aka kuma gaya wa kowa a gidan: in ta ji ciwo mai tsanani a saman ciki yana sukar baya, ga amai, ko ƙarfe nawa ne a kawo ta, kada a tsaya jiƙa wani abu.

A sati na 33 tirigiliserid ya sauko 4.1, a sati na 36 kuma 3.6. Wani zai ce ai har yanzu da yawa. A lokacin da na kowace mai ciki ke kan ganiyar hawa, saukowa ko yaya take nasara ce. Sukarin bayan abinci ya dawo tsakanin 1.05 da 1.25, nauyinta ya tsaya.

Ba zan ce kitsen ne kaɗai ya ƙibantar da jaririn ba, tunda sukarinta na bayan abinci ma sama yake duk satuttukan da muka yi muna yabon takarda. Biyun tare suka yi aikin, daga tushe ɗaya. Haka kuma ban ga dalilin a ce kowace mai ciki a Garwa sai an auna mata maiƙon jini ba: kuɗi ne, kuma masana ba su tsayar da iyaka guda ta masu ciki ba. Amma mace mai ƙiba, mai ciwon sukari na ciki, wadda jaririnta ke girma fiye da abin da lambobinta ke nunawa, wannan kam yanzu nakan nemi a duba mata.

Sauka da jego

A sati na 39 aka ta da mata naƙuda, ta haihu da kanta, mace, kilo 3.9, kafaɗa ba ta maƙale ba. Awa biyu da haihuwa sukarin jaririyar ya faɗi zuwa 0.38, abin da muke tsammani, domin ta saba fitar da insulin mai yawa a ciki. Wata gwaggo ta so a matse dakashi a zubar a ba ta ruwan dabino tukuna. Hajiya ce ta tare ta da cewa a bar likita ta yi aikinta. Aka sa ta a nono nan take, aka riƙa maimaitawa, zuwa dare lambar ta daidaita. Uwar kuwa a ranar aka tsayar mata da insulin.

Jego ne ya kusa mayar da mu baya. Kowa ya san abincin mai jego: kunun kanwa, gasasshen nama, man shanu, ga wankan ruwan zafi safe da yamma har arba'in. Na roƙi a sassauta kanwa, domin gishirin da ke cikinta na tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wannan al'ada da ciwon zuciyar masu jego. An ce to, an ji. Nawa aka rage, Allah ne masani, tunda ta tafi wankan gida wurin mahaifiyarta.

Ana so a maimaita gwajin gulukos tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa, kuma mafi yawan matanmu ba sa dawowa. Ita ta dawo a sati na 9. Da asuba 1.02, bayan awa biyu 1.48: ba ciwon sukari ba ne, amma ba lafiya lau ba, tana bakin ƙofa. Tirigiliserid 1.9, HDL 0.41, ruwan jinin garau. Na gaya mata ta ci gaba da shayarwa, ta riƙe tukunyarta, a auna sukari duk shekara, kuma in za a sake ɗaukar ciki a fara zuwa a duba tun kafin a ɗauka. Ta yi dariya ta ce wannan magana sai dai in faɗa wa baban su.

Da za ta tafi ta kwance gefen zane ta miƙo mini na'urar da na ara mata, a nannaɗe cikin leda biyu. Sannan ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin benci, ta fito da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi cike da zuma, baƙa wuluk mai kauri.

"In ji Hajiya. Ta ce tunda kin hana mu, ke ki sha."